Saƙon Kwaɗo a Zango na Uku

"Ƙarya ce! Wallahi babu wani Kwaɗo a cikin jirgin nan!"

Bashiru mai gyaran waya ne ya buga teburin shagon tura fim, har katunan mimori suka yi tsalle. Murja mai shagon ta tare su da tafin hannu ba tare da ta ɗago daga kwamfuta ba. A bakin ƙofa, Hannah ta sauke kular kunun zaƙi daga kanta, ta tsaya tana jera gorori kamar ciniki ne ya kawo ta. Ba ciniki ba ne, kunne ta kawo.

Shekaranjiya aka saki zango na uku na Ɓatattun Sama, fim ɗin nan na Turawa mai dogon zango da Auwal Fassara yake juyawa zuwa Hausa. Labarin wasu mutane ne da jirginsu ya ɓace a sararin samaniya, suna ta lalube tsakanin taurari ko za su ga hanyar gida. Samarin Kontagora sun ɗauki abin nan da zafi, kai ka ce kawunsu ne direban jirgin. A kashi na ƙarshe, rediyon jirgin ya kamo wata ƙara daga duniya, kowa a ciki ya yi tsit. Sai aka ji muryar Auwal can ƙasa-ƙasa tana cewa: "Kwaɗo, yarinyar ta tashi, ba ta mutu ba. Mama ta ce ka dawo gida."

Tun daga nan gari ya rabu biyu.

"Kwaɗo ai wannan koren halittar ne mai manyan idanu," in ji wani tela da ya baro kekensa don musu. "Yarinyar kuma 'yar kyaftin ce da aka daskarar a ƙanƙara tun zango na ɗaya. Kai dai ba ka da zurfin tunani."

"Na kalli na Turancin!" Bashiru ya ɗaga waya sama. "Babu magana a wurin, shuuu kawai rediyon yake yi. Auwal ya ci amanarmu. Bara ya cika mana fim da gaisuwar masu shago, ana tsakiyar harbi sai ka ji a gaida Alhaji wane na Auna. Muka yi magana, ya rantse ya daina. Yanzu kuma ya koma sa wa rediyo ƙarya a baki."

Mutum biyu ne kawai a garin suka san gaskiya, ɗaya daga cikinsu kuwa Hannah ce, tana tsaye da gorar kunu a hannu.

Kwaɗo ɗanta ne, Solomon. Ita ta laƙaba masa sunan tun yana ƙarami a Tungan Magajiya, saboda ba ya fita daga rafi sai an je da bulala. Ya girma ya zama ɗan acaba. Kafin faɗuwar damina ya buge wata yarinya, Nuriyya, a kwanar kasuwa. Yarinyar ta kwanta ba motsi, mutane suka taso da ihu, shi kuwa ya bar babur a ƙasa yana kuka ya ranta a na kare. Wayarsa ma a kwata aka tsince ta. Nuriyya ta farfaɗo a asibiti da karaya a ƙafa. Mahaifinta Modibbo ya zo har gida da sandarsa a kafaɗa, ya ce tsautsayi ne, ya yafe duniya da lahira, a ce wa yaron ya dawo. To, wa zai faɗa masa? Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a ramukan haƙar zinare can bayan Kaboji, ya rame, ya canza suna. Hannah ta je sau biyu. A wurin nan kowa baƙo ne, kuma babu mai nuna wani.

Abu ɗaya ta sani game da ɗanta: ko a bakin kura yake, sai ya kalli zango na uku. Shi ya sa ta je ta yi wa Auwal kuka har ya yarda ya saka mata saƙon nan a cikin fim ɗin.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa," in ji Bashiru, yana gyara wuyan riga irin na wanda ya ci yaƙi. "Na yi magana da shi. Yau zai yanke wurin, ya fito da mai tsabta. Murja, ki goge tsohon. Gobe masu kai kati ƙauyuka za su zo lodi, kar a kai wa mutane shirme."

Gorar ta kuɓuce daga hannun Hannah ta fashe a ƙasa. Masu kai katin nan su ne suke shiga har ramukan zinare. Su take jira tun ranar da aka saki fim ɗin.

"Sannu Mama," in ji Murja. "Ko jiri ne?"

"Jiri ne, 'yata. Ajiye mini kular nan."

Ba ta tsaya neman abin hawa ba. Ta ratsa ta cikin 'yan gwari, ta bi bayan tasha, zaninta yana shan ruwan kwata ba ta kula ba. Makon jiya aka ce wani ramin zinare ya rufta da mutane, aka fito da wasu, aka bar wasu. Ba a faɗi sunaye ba, don masu sunan ma ba na gaskiya suke bayarwa ba. Tana tafe tana addu'a da Dukanci, yaren iyayenta, don in tashin hankali ya kai wani wuri Hausa guduwa take yi daga bakinta.

Ɗakin aikin Auwal ɗan ƙuƙut ne, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kar ƙarar waje ta shiga. Ta same shi da abin ji a kunne, idanunsa sun yi ja. Yana ganinta ya miƙe.

"Maman Solomon, don Allah kar ki durƙusa."

Ta riga ta durƙusa.

"Ɗana, kwana ɗaya kawai. Bari masu kati su ɗauka gobe, bayan nan ka yanke duk abin da kake so."

Ya juyo mata da fuskar wayarsa. Ba ta iya karatu sosai ba, amma ta ga saƙonni suna ta hawa kan juna kamar tururuwa. Ya danna ɗaya, wata murya ta ce Auwal ya tsufa, a koma wa masu fassarar Kano. Ya danna wani, aka ce da ma can rabin abin da yake faɗa ƙirƙira ce.

"Kin ji ko? Mama, ni ba ni da gona, sunan nan shi ne gonata. In aka ce fassarata ƙarya ce, na gama. Masu shaguna a Rijau sun ce ba za su karɓa ba sai an gyara." Ya sunkuyar da kai. "Na riga na yanke tun da safe. Na tura."

Ta daɗe a durƙushe. Ba ta ji haushinsa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan, don da akwai wanda za ta zaga da ta samu sauƙi. Yaron ya yi mata abin da ko dangi ba su yi ba.

"Ki je ki faɗa wa Bashiru gaskiya," in ji shi a hankali. "Bakinsa ne kawai, amma yana da tausayi. Shi ne shugaban zauren masoya fim ɗin a waya. Ni kin hana ni faɗa."

Ta hana shi ne don ta san ɗanta. In ya ji sunansa na gaskiya yana yawo a wayoyi tare da maganar haɗari, cewa zai yi tarkon 'yan sanda ne, ya ƙara nutsawa daji. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa.

La'asar ta yi lokacin da ta iso rumfar Bashiru. Yana zaune cikin gawarwakin wayoyi, ya manta da aikin mutane, yana ta dannawa yana murmushi shi kaɗai.

"Mama mai kunu! Yau ba kunu?"

"Magana na zo da ita, ɗana. A kan fim ɗin nan."

"Ke ma kin ji ko? Ai babu wanda bai ji ba." Ya gyara zama cike da alfahari. "Kafin a goge, na yanko daidai wurin ƙaryar na ajiye hujja. Tun shekaranjiya nake tura shi. Minna, Zuru, Yawuri, ko'ina musu ake yi. Zaurenmu har ya kusa cika, baƙin lambobi sai shigowa suke, wasu ma daga daji. Sai na ga bayan ƙaryar nan."

Ya danna, muryar Auwal ta fito: Kwaɗo, yarinyar ta tashi.

Hannah ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta rufe. Ta dubi yaron nan da kyau. Auwal bai yi ƙarya ba, akwai tausayi a fuskarsa. In ta faɗa masa, kunya za ta kama shi, ya ba ta haƙuri, ya sanar wa zaure cewa a bar maganar. Kowa ya ce Allah sarki, gobe a manta. Tausayin mutanenmu ba ya kwana biyu, amma musu, in dai a kan abin da bai shafe su ba ne, sai su kai shi Makka a ƙafa.

"Fassarar daidai take," in ji ta.

"Na'am?"

"Na ce daidai take. Kai ne ba ka gane fim ɗin ba."

Bashiru ya saki baki. Matar da ko sunan kyaftin ba ta sani ba! Ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji.

"Mama, za ki iya maimaita wannan a zaure? Wallahi yau akwai kallo."

"Ba ni."

Ya danna mata wurin ɗaukar murya ya riƙe. Ta matso da bakinta. Ta saki muryarta yadda take kiran yara cin tuwo, da Hausarta ta Tungan Magajiya wadda Dukanci ke leƙowa ta ƙarƙashinta.

"Ni wata tsohuwa ce mai kallo. Masu cewa ƙarya ne, ku ne maƙaryata. Yarinyar ta tashi, da idona na gani. Babanta ma ya ce babu komai. Kwaɗo ne dai mai taurin kai, tun yana ƙarami haka yake, sai an je da bulala."

Bashiru ya saki, saƙon ya tafi. Kafin ta gyara ɗaurin kallabi wayar ta fara tsalle a kan tebur. Yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, yana share hawayen dariya. Wani ya ce a kai Mama asibiti. Tela ya ce ga shi nan, ko tsofaffi sun fi Bashiru fahimta. Wata ta tambaya a wane kashi aka nuna yarintar Kwaɗo, ita katinta babu. Wani ya zage ta tas, har da cewa tsufa ya taɓa mata kai.

Ta zauna a kan benci ta shanye duka. Kowace murya ta fito sai ta kasa kunne, kowace ta ƙare sai wani abu ya ƙara mutuwa a cikinta. Aka kira magariba. Bashiru ya je ya yi salla ya dawo ya same ta inda ya bar ta. Dariyar ta ƙare masa, ya fara kallonta a kaikaice.

"Mama, ba za ki tafi gida ba? Wasa ne fa duk wannan."

"Saura nawa ba ka danna ba?"

"Ɗaya ne, baƙuwar lamba. Irin 'yan dajin nan ne."

Ya danna. Da farko babu magana, sai ƙarar injin niƙa dutse da hayaniyar maza daga nesa. Sai numfashi, mai nauyi, kamar na wanda ya yi gudu. Sannan wata murya ta fito, a shaƙe, tana taka kowace kalma a hankali.

"Tambaya gare ni ga tsohuwar da ta yi magana. Ita yarinyar... a fim ɗin... tana takawa da ƙafarta?"

Bashiru ya ja tsaki. "Ji wani kuma. Wannan ko kallon fim ɗin bai yi ba."

Hannah ta riga ta miƙe. Ko a barci ta san muryar nan. Ta miƙa hannu.

"Danna mini in ba shi amsa."

Ya dube ta, ya dubi wayar. Ya danna ya riƙe mata, wannan karon da hannu biyu.

"Tana takawa," in ji ta. "Har gudu take yi. Jiya ma ta sayi kunu a wurina."