Keken Marigayiya a Farin Ɗaki

Auta ta ɗauke keken ɗinkin mahaifiyarta ba tare da ta tambaye ni ba. Daga baya ta gayyace ni gidan nuna fasaha, wai in zo in ga aikinta. Ni dai na je ne in karɓo kayana.

Na tarar da keken a tsakiyar wani farin ɗaki. An ɗaura masa zaruruwa har rufi, kowane zare na riƙe da ƙyalle. Mutane sun kewaye shi, hannu a baya, kamar masu dubiya a asibiti.

"Shirun mace ke nan," in ji wani farfesa mai gemu. "Keken ya ƙi magana."

"A'a, mutuwar sana'ar hannu ce," in ji wata mai tabarau.

Na tsufa a kan littafi, amma ban taɓa jin an yi wa ƙarfe irin wannan sharhi ba.

Auta ta jawo ni gefe, duk ta yi gumi. "Baba, ba wani shiru. Juyawa ya kamata ya yi, ƙyallayen su yi rawa. Na taka, na taka, ya ƙi. Ga shugabar gidan can, in bai motsa yau ba, gobe za a kwashe shi."

"Madalla, sai in tafi da abina."

"Haba, Baba!"

Keken matata ba ya tashi da ƙafa kaɗai. Sai ka mayar da wilin baya kaɗan da tafin hannu, ka sake shi, sannan ka taka. Haka marigayiya ke yi, ina gefe ina ƙorafin ta hana ni karatu.

Na tsallake igiyar da aka gitta, na zauna. Na mayar, na saki, na taka. Nan take ƙyallayen suka kama hawa da sauka, ɗakin ya cika da ƙarar da na yi shekaru ina tsana. Aka kaure da tafi.

"Kun gani?" in ji farfesan. "Namiji ya zo neman gafara!"

"Gwiwata ce ke neman gafara, Malam," na ce.

Shugabar ta matso. "Aikin zai zauna, amma tare da dattijon. Shi ne rabinsa."

Na ce zan koya wa Auta. Ta rantse hannunta ba zai iya ba. Ƙarya take, ta kuma san na sani.

Yanzu kullum da hantsi ina can ina takawa. Jiya wata ɗaliba ta tambaya ko an yarda a taɓa ni. Na ce ta je ta tambayi shugaba.