Yaron da Valarmathi Ta Ƙirga

A asibitin neman haihuwar da Valarmathi take aiki a Madurai, ita kaɗai ce ba ta taɓa jikin kowa, amma a bakinta ake jin ko asibitin ya iya aikinsa. Likitoci su haɗa ƙwai, su dasa, su ga bugun zuciya a hoton ciki, a raba alewa, kowa ya kama gabansa. Daga nan sai magana ta dawo teburinta. Ita za ta bi mace da waya har ta ji yadda cikin ya ƙare, ta shigar a rajistar ƙasa: an haifa da rai, ko ba a haifa da rai ba. Daga abin da ta shigar ake fitar da lambar yawan haihuwar da aka samu, wadda ke kan allon ƙofa, lambar da matan ƙauye suke tsayawa suna kallo kafin su yi ƙarfin halin shiga.

Wata na bakwai shi ne ciwon kanta. Da zarar an yi wa mace bikin awarwaro, an cika mata hannaye biyu da na gilashi don ɗan cikin ya riƙa jin motsin uwarsa, sai iyayenta su ɗauke ta ta je ta haihu a gida. Shi ke nan, mace ta ɓace. A kira miji, ya ce yana Tiruppur wurin aiki. A kira suruka, ta ce lafiya lau, ta kashe waya. Mutanenmu kuwa ba sa faɗin mugun labari ta waya, ko da za a shekara ana tambaya.

Shi ya sa Valarmathi take son Poongodi. Wata siririyar mata ce daga wani ƙauye bayan Usilampatti, wadda ta sha dashe har sau uku kafin ya kama. Ita ba ta ɓace ba. Ranar da Valarmathi ta kira ta ta ce, "Kin sauka lafiya? Mace ko namiji?" sai Poongodi ta ce namiji ne. Valarmathi ta yi murna har ranta, ta ce, "Na rubuta shi yanzu a gabanki. An ƙirga shi." Tun daga ranar Poongodi ce ma take kira da kanta. Ta ce yaro ya ƙara nauyi. Ta ce ba ya son wankan safe. Duk lokacin da take magana, Valarmathi tana jin awarwaronta suna kacau-kacau a cikin wayar, da wata ƙara a hankali kamar ta igiya tana goga katako.

Yaron ya haura shekara a rubuce lokacin da rajista ta dawo da sunansa. Sun ce ba su ga shaidar haihuwarsa daga ko'ina ba, a gyara ko a tabbatar kafin a rufe lissafin shekara.

Dakta Ilango, mai asibitin, ko a jikinsa. Mutum ne mai fara'a, wanda ya yarda da lambarsa fiye da yadda ya yarda da kansa.

"Takardun ƙauye ne, Valarmathi, wani akawu ya yi barci a kansu," ya ce. "Hau bas ki je ki karɓo shaidar. Ki ɗauko mana hoton yaron ma, bangonmu akwai sauran wuri. Kuma don Allah kada ki dawo min da wannan fuskar taki ta masu zuwa ta'aziyya."

Ba ta so tafiyar ba, saboda hanyar ramuka ne, ita kuwa tana ɗauke da abin da ba ta faɗa wa kowa ba sai mijinta da likitan da ya yi mata dashen. Bayan shekarun da ta yi tana ƙirga 'ya'yan mutane, nata cikin ya shiga wata na uku. Ita da hannunta ta shigar da kanta a rajistar, kuma kullum takan leƙa layin nata, ta ga gurbin ƙarshe a buɗe, ta yi saurin wucewa.

Ta isa ƙauyen da tsakar rana, lokacin da ko karnuka sun shige ƙarƙashin amalanke. Wata mata mai shanya barkono ta nuna mata gidan da haɓa, kuma ba ta daina kallonta ba har ta sha kwana.

Tun daga soro ta ji ƙarar nan da ta saba ji a waya. Sari ne, dogon zanen da mata suke ɗaurawa, aka ɗaure a jikin azara ya zama lilon jariri, irin na kowane gida, yana kai da komo. Poongodi na zaune a gefensa da igiya a hannu. Ta yi ƙiba, ta yi kyau, gashinta da furanni. Tana ganin baƙuwar ta miƙe da gudu.

"Akka, yayata! Ke ce da kanki? Inna, fito ki ga wadda nake ba ki labari!"

Ta ɗaga hannaye za ta rungume ta, awarwaro suka zubo daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Kore da ja, na gilashi, cike da hannaye biyu.

A nan ne Valarmathi ta lura. Awarwaron wata bakwai ba sa wuce haihuwa. Kowace yarinya a ƙasar nan ta san ana cire su idan aka sauka, ko don kada su karce jariri. Ita kuwa ta fi shekara tana jin su a kunnenta, tana murmushi, tana buga kwamfuta.

Uwar Poongodi, wata tsohuwa mai suna Sengamalam, ta fito daga madafa tana goge hannu. Ta dubi Valarmathi, ta dubi jakarta, fuskarta ta sauya.

"Je ki dafa wa yayarki kofi," ta ce wa 'yarta. "Kar ki cika sukari kamar na jiya, ba zuma muke sayarwa ba."

Poongodi ta tafi tana dariya. Tsohuwar ta jira har ƙarar awarwaron ta yi nisa, sannan ta kama bakin sarin ta buɗe.

An naɗe shi da farin ƙyalle mai laushi. An shafe shi da kurkum, an ɗiga masa kwalli a inda kumatu zai kasance don kauce wa baki, an ɗaura masa baƙin zare a tsakiya. Ɗan dutsen niƙa ne, dogo, baƙi, irin wanda ake murza kayan miya da shi.

Valarmathi ta nemi bango ta jingina.

"A wata na takwas ya daina motsi," in ji tsohuwar, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sun fitar da shi bai yi kuka ba. Ta dawo gidan nan ba ci ba magana, awarwaro kuma ta ce wanda ya taɓa su sai ta cije shi. Da aka yi sunan jikan maƙwabta, na ja ta muka je, ko za ta ga mutane. Kin san abin da ake yi."

Ta sani. Ranar da za a sa jariri a lilo, akan ba matar da ba ta samu haihuwa ba ɗan dutsen niƙa, ta yi masa wanka, ta shafe shi, ta kwantar da shi kamar jariri, don ita ma ta samu rabo. Ita kanta an sha miƙa mata shi a gaban mata, tana murmushi tana ji kamar ƙasa ta tsage.

"Nawa dutsen suka ara, don nasu ya fashe. Ta yi masa wanka, aka miƙa hannu a karɓa, ta ƙi bayarwa. Muka dawo da shi. Duk da haka ba ta ci abinci ba. Tana zaune tana kallonsa kamar mai jiran wani ya faɗa mata ko mene ne. Sai ga wayarki." Tsohuwar ta ɗago ido. "Duk garin nan ba wanda ya taɓa tambayarta mace ko namiji. Ke kika tambaya. Kika ce kin rubuta, an ƙirga shi. A ranar ta cinye shinkafa faranti guda."

"Inna, ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba, 'yar nan. Ɗauke shi."

"A'a, ni…"

"Ɗauke shi, na ce."

Ta sa hannu biyu ta ɗaga. Nauyin bai ba ta mamaki ba, dutse ne. Ɗumin ne ya ba ta mamaki. Ta ce a ranta zafin rana ne, amma ɗakin akwai sanyi, ƙasar da take takawa ma da sanyi, kuma ɗumin ba a saman ƙyallen yake ba, daga ciki yake fitowa.

"Tun ina amarya nake niƙa da dutsen nan," in ji Sengamalam. "Na san nauyinsa kamar yadda na san hannuna. Da, da hannu ɗaya nake ɗaukarsa. Yanzu sai na tattara zane na sa biyu. Kada ki ce min tsufa ne, buhun shinkafa har yau ni nake saukewa." Ta karɓe shi, ta kwantar, ta gyara masa ƙyalle. "Ban san me kika rubuta a can ba, ban kuma san su wa ke karantawa ba. Abin da na sani, 'yata tana cin abinci. Ki bar shi yadda yake."

Poongodi ta shigo da kofi. Ta tsaya tana kallon Valarmathi, ta karkata kai, sai ta yi wani murmushi.

"Akka, ke ma kina da shi."

Cikin bai fito ba, ko mijinta bai ga alama ba tukuna.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ya yi shiru da kika ɗauke shi. Ba ya yarda da kowa." Ta miƙa mata kofin. "To ke idan lokacinki ya yi, wa zai buga miki waya ya rubuta naki?"

Valarmathi ta sha kofin don kada ta amsa. Ba ta ɗauki hoto ba.

Washegari ta riga kowa zuwa ofis, amma ta tarar da mata sun riga ta. Suna tsaye a ƙofa da ƙullin abincinsu, wata tana karanta wa sauran lambar da ke kan allo, su kuma suna gyaɗa kai. Ta san irin wannan tsayuwar, don ita ma ta yi ta. Da wannan lambar mace take lallashin mijinta a sake gwadawa, da ita take yarda a yi ta soka mata allura har cinyarta ta yi baƙi. Idan da dutse ɗaya a ciki, wa ya san duwatsu nawa ne? Sau nawa aka ce mata lafiya lau a waya ta rubuta da murna?

Ta buɗe layin Poongodi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce wa kanta rubutu ne kawai a cikin na'ura, a ginin rajista can wani birnin da Poongodi ba ta taɓa zuwa ba kuma ba za ta taɓa zuwa ba. Ba wanda zai faɗa mata. Idan ta kira, za ta ci gaba da tambayarta ya yaro, ya wankan safe, kamar kullum. Ba abin da zai canja a ƙauyen. Tsoro take ji ƙwarai, amma ta kasa faɗa wa kanta ko na mene ne.

Ta goge "an haifa da rai". Ta zaɓi ɗayan. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata, domin bayan an tura ba a sake gyarawa. Ta tura.

Ko hannunta ba ta ɗauke daga kan teburin ba wayar ta yi ƙara.

Ta san lambar. Ta bar ta ta yi ta ƙara, har ma'aikaciyar jinyar da ke wucewa ta leƙo ta ce, "Ke, kurma kika zama yau?" Sannan ta ɗauka.

Babu ƙarar igiya. Babu kacau-kacau ɗin awarwaro. Ba ta taɓa jin wayar Poongodi shiru haka ba.

"Akka," in ji Poongodi. Muryarta ba kuka a ciki, ba faɗa. "Yanzu-yanzu ina riƙe da shi. Ya yi sanyi."

Valarmathi ta juya ta dubi kwamfutar.

"Ya yi sanyi, Akka, kuma ba nauyi. Da hannu ɗaya na ɗauke shi. Ki duba min wurin da kika rubuta, ko wani ya taɓa."

A fuskar kwamfutar layin Poongodi ya riga ya koma toka-toka, ya kulle. Can ƙasa da shi, bayan sunayen wasu mata, ga nata layin da gurbin ƙarshe a buɗe. Ta ga ɗayan hannunta ya sauka kan cikinta ba tare da ta aike shi ba, yana lalube yana neman ɗumi.

"Akka? Kina dubawa?"

"Ina dubawa," in ji Valarmathi.