Ɓangaren Hagu na Gadon Baba

Baba direban babbar mota ne, shekara talatin da ɗaya yana kan titi, bai taɓa goge ko keke ba. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannu da ƙafar hagu suka yi nauyi, sai kuma wani abu da ba mu san da shi ba ya biyo baya: duk abin da ke hagunsa ya daina kula da shi. Idan aka kawo abinci, rabin farantin dama yake cinyewa ya ce an yi masa rowa. Idan ya taje gemu, gefe ɗaya yake tajewa.

Likitar da ke motsa masa jiki ta ce idonsa lafiya lau, ƙwaƙwalwar ce ba ta waiwayen wajen. Ta ce mu riƙa kiransa daga hagu a hankali har ya juyo ya haɗa ido da mu. Ta kuma gargaɗe mu cewa wani lokaci zai ji murya daga hagu ya ɗauka daga dama ta fito.

Ni ce babbar 'yarsa, jinyar safe tawa ce. Rana kuma ta ƙanena ce, Auta, ƙato mai gemu da 'ya'ya biyu.

Ranar Laraba na dawo da wuri daga shagon ɗinkina. Tun daga tsakar gida na jiyo dariya. Ƙofar ɗakin Baba tana damansa, ina turawa na ga Auta tsugune a hagun gado, ya zaro harshe dab da kunnen Baba, yana tsince naman da ke gefen farantin yana jefawa a baki. Miya ta gangaro wa Baba ta gefen leɓe har cikin wuyan riga, ta bushe, ƙuda biyu na kai. Matar Auta tana ƙarshen gado ta wajen hagu da waya a hannu, tana ɗauka, kafaɗunta na rawa.

Kafin in buɗe baki Auta ya sake ƙyalƙyalewa, Baba ya ɗago, idonsa ya sauka a kaina. Ni kaɗai yake gani.

"Har ke?" ya ce.

"Baba, ba ni ba ce. Ga Auta nan gefenka."

"Ba kowa a ɗakin nan sai ke."

Na ja Auta waje ta hannun riga. Bakinsa na maiƙo.

"Yaya, wasa ne fa. Bai ma san ana yi ba."

"Goge bakinka," na ce. Warin naman da ke numfashinsa ya ishe ni.

Kwana biyu Baba bai karɓi abinci daga hannuna ba. In na shiga sai ya kalle ni kamar ya taka kashin kaza, ya rufe ido. Na zo wanke masa jiki. Da na buɗe yatsun hannunsa na hagu, waɗanda ke dunƙule, na tarar da guntun ƙashi da wani ya cusa masa, har ya fara wari. Na fita na yi amai a bakin famfo.

Ran Juma'a bidiyon ya shigo zauren waya na dangi, an sa masa kiɗa. 'Yan uwa goma sha ɗaya suka turo fuskar dariya, har da ƙanwar Baba. Na daɗe ina juya wayar a hannu. Ban so ya ga kansa a haka ba, amma na gaji da ɗaukar laifin wani.

Na zauna damansa na kunna. Da yake daga gabansa aka ɗauka, Auta ya fito a gefen dama na allon, inda idon Baba ke kaiwa. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce in maimaita. A karo na biyu ya sa yatsa ya taɓa wuyan rigarsa.

"Kira min shi."

Auta ya shigo, ya zagaya zai tsaya inda ya saba.

"Nan," in ji Baba, ya nuna damansa. "Inda zan gan ka."

Auta ya dawo ya durƙusa. Baba ya zuba masa ido, bai zage shi ba. Auta ya kalli tabarma, ya kalli silin, ya fara cewa ai matarsa ce ta tura. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Daga yau 'yar'uwarka za ta riƙa ba ni abinci. Kai ka riƙa fitar da fo."

Auta ya yi kwana huɗu yana fitarwa, yana toshe hanci, sannan ya ce aiki ya yi masa yawa. Na mayar da keken ɗinkina ɗakin Baba, na ajiye shi ta hagu kamar yadda likita ta ce. Bidiyon yana nan a zauren, ba wanda ya goge.