Tabon Goshin Alhaji Awudu

Karo na huɗu ke nan Hajiya Shetu tana tasowa daga Gumbihini zuwa shagon Mudasiru a Lamashegu. Mijinta Alhaji Awudu ya rasu, 'ya'yansa suna son a buga hotonsa a babban ƙyalle don addu'ar arba'in. Hoton da ta kawo kuwa na tsohon katin shaida ne, bai fi babban yatsa ba.

Kwana uku Mudasiru yana gaban kwamfuta yana gyaran fuskar, har idanunsa suka yi ja, wuyansa ya ƙage. Ya juyo mata allon.

Ta daɗe tana kallo. "Ya yi kyau, ɗana, amma ba shi ba ne. Ina tabon goshinsa?"

"Na ɗauka datti ne a jikin katin, Hajiya. Na goge."

"Tabon salla ne. Shekara hamsin yana sujada."

Mudasiru ya murza ido, ya ture shinkafarsa da ta riga ta huce, ya sake buɗe tsohon hoton. Hajiya ta jawo benci ta zauna, tana nuna wurin da yatsa, shi kuma yana mayar da tabon a hankali, har ta ce ya isa.