Akwatin da Ke Gaida Inna Hure

"Barka da hantsi. Yaya jiki? In lafiya kuke ku danna kore, in da ciwo ku danna ja."

Muryar ta fito ne daga ɗan farin akwatin da ke rataye a ƙusa saman gadon Inna Hure. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango. Sai da muryar ta kai aya sannan ta ce, "Luba, danna masa koren."

Luba maƙwabciyarta ce, danga ɗaya ta raba su, ita ke kawo mata kunu kullum tun da ta kwanta. Ta ajiye kwanon ta dubi ƙafafun tsohuwar. Sun kumbura suntum, har fatar tana ƙyalli.

"Inna, yau kam ki bari in danna ja. Tun daga tsakar gida nake jiyo numfashinki."

"Ni in kai wa ɗan fari kuka? Shekara arba'in da biyu ban kama sunansa ba, ban kalli tsakiyar idonsa ba. Sai yanzu da furfurata zan ce masa ƙirjina, ƙafata?"

"Ai ba shi ba ne, Inna. Akwati ne."

"Muryar wa kika ji?"

Luba ta goge yatsa a zani ta danna kore. "Madalla, Allah ya ƙara lafiya," in ji akwatin, ya yi shiru. Kwana tara ke nan ana haka.

Muryar ta Abdulkabir ce, ɗan Inna Hure na fari. Da silifa ya bar ƙauyen nan na gefen Makoda, ya je Legas ya ƙirƙiro wata manhajar waya da direbobin manyan motoci ke samun lodi da ita, ya yi kuɗin da baki ba ya iya faɗa. Rana ɗaya aka ji a rediyo ya sayar da kamfanin, wai sauran rayuwarsa taimakon jama'a zai yi. Da tsofaffin garinsu ya fara. Kowa aka ba shi akwati da faifan sola a kan rufi, ga kuma farar mota tana jira a bakin titi. Wanda ya danna ja, ko aka ji shi shiru bai danna komai ba, motar za ta zo ta kai shi asibiti kyauta.

Mutanenmu kuwa ka san halinsu, ko zuma ka miƙa musu sai sun shinshina. A majalisar gindin durumi aka ce takara zai tsaya. A bakin famfo mata suka ce tsoron Allah ne ya kama shi, ai dukiya irin wannan ba ta taruwa haka kawai. Malam Uwaisu liman ya sa masa albarka, amma ya ce shi dai bai saba da gaisuwar da ba ta da ƙafafu ba. Sai ga mutum biyun farko da motar ta ɗauka, gawarsu ta dawo da ita. Tsofaffi ne tukuf, ciwo ya riga ya cinye su, to amma wa zai tsaya duba wannan? Tun daga nan, in ta ratso ta cikin gero, ana hango farin rufinta kaɗai yana tafe a hankali saman zangarniya, sai mata su janye 'ya'yansu cikin gida.

Ita Luba ba ta zargin yaron da komai. Kanta take zargi. Sau nawa tana kai hannu da niyyar ta danna ja, ta ce kuskure ne? Amma tun ranar farko tsohuwar ta riƙe mata wuyan hannu ta ce, "Amana ce na ba ki. In kika tona ni a gabansa ban yafe ba." Luba tana tsoron bakin mai barin duniya, tana kuma tsoron abin da take gani a ƙafafun nan. Duk ranar da ta danna koren, ko ƙuli-ƙulin da take soyawa ba ta iya kaiwa baki.

Ran kwana na goma sha biyu ta yi sallama sau uku ba a amsa ba. Kaji na nan a rufe a akurki. Ta ɗaga labule ta tarar da Inna Hure a yadda ta saba, fuska ga bango, mayafi a ka. Ta taɓa kafaɗarta, ta ji sanyi. Ta ajiye kunun a hankali don kada ya zube, sannan ta yi salati.

Ana cikin wankan gawa hantsi ya yi. Ba wadda ta tuna da akwatin.

"Barka da hantsi. Yaya jiki?"

Aina'u mai wanka ta tsaya cak, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Matan suka dubi juna. Muryar ta sake tambaya, ta kuma sakewa, cikin ladabi, tamkar ɗan yana durƙushe a bakin ƙofa. Ba wadda ta motsa.

Maza suna ɗaga makara ke nan farin rufin ya ɓullo ta cikin gero. Direban ya sauko da sauri yana cewa, "Ina mara lafiyar?" Wani ya nuna masa da haɓa. Ya cire hula ya sake sawa, ya bi sahu.

Abdulkabir bai iso ba sai da la'asar, an riga an rufe ta. Kafin ya iso magana ta gama gari: akwatin da bai san uwar mai shi tana mutuwa ba, ciwon wa zai sani? Wasu ma cewa suka yi abin ne ke shanye mutane, kullum yana tambayar jiki har sai ya ga bayansa.

Ranar sadakar uku da safe Abdulkabir ya shigo cikin gida gaida mata. Ya nemi Luba, ya durƙusa a gabanta da farar shaddarsa a kan turɓaya. Ya miƙo mata wayarsa. Ɗigo-ɗigo ne kore a jere, layi bayan layi.

"Yaya Luba, kin ga na Inna. Kullum kafin in taɓa wani aiki sai na jira wannan. Tun da nake ba ta taɓa amsa gaisuwata ba, kin sani, sai dai ta sa wani ya amsa. Na ce in na raba wa gari duka, ba za ta ji nauyi ba. Ki faɗa mini abu ɗaya. Da hannunta take dannawa?"

Gaskiyar tana bakin Luba. In ta faɗa, gari zai san akwatin bai yi ƙarya ba, ita ce ta yi masa. Shi kuma zai tashi daga nan ba shi da komai, ko ɗigo ɗaya. Ta dubi idonsa, ya yi ja kamar na mai sussuka. Tausayi da tsoro suka haɗu suka danne ta.

"Da hannunta," ta ce.

"Alhamdulillahi," in ji shi. Ya daɗe yana maimaitawa, sannan ya fita wajen maza.

Luba ta koma gidanta ta leƙa ta kafar danga. Masu ta'aziyya suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa sai ya durƙusa ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya zaro akwatin tsohonsa ko na tsohuwarsa daga cikin riga, ya ajiye a gefen tabarma, ya ce, "An gode, Alhaji. Allah ya saka da alheri." Ba wanda ya ɗaga murya. Har Malam Uwaisu ya ajiye nasa. Luba ta san mai kowane akwati: mai tari, mai hawan jini, makauniyar bayan masallaci.

Hantsi ya ɗaga. Akwatuna sun fi talatin suka buɗe baki tare, da murya guda, suna gaida taron. Mai muryar yana zaune a tsakiyarsu, bakinsa a rufe, carbi ya tsaya a hannunsa.

Da suka gama tambaya suka yi tsit. Ƙananan fitilunsu suka ci gaba da ƙyaftawa a kan tabarma, suna jiran a danna.