Buhun Ƙafafu a Terminus

Sharafaddeen ya ji hannun kafin ya gan shi. Yatsu biyu ne suka zurma cikin aljihun wandonsa, inda wayarsa take, daidai lokacin da ya sassauta gudu don ya ratsa cunkoson masu jiran mota a Terminus, tsakiyar garin Jos. Bai ko juya ba. Ya kai hannu ya cafke tsintsiyar hannun, ya murɗe.

"Sakar min waya," ya ce yana haki.

Mai hannun wani siririn mutum ne cikin farar shadda mai guga, hula a karye, jaka a kafaɗa. Sunansa Jika, kuma sane ce sana'arsa, amma duk wanda ya gan shi a safiyar nan zai ɗauka ofis ya nufa. Wayar ta faɗo tsakaninsu. Jika ya dubi wayar, ya dubi mutanen da suka fara waiwayowa, ya ga babu hanyar fita. Sai ya dafe gaban wandonsa da ɗayan hannun, ya durƙushe.

"Jama'a ku taimake ni! Ya taɓa ni, gabana ya ɓace!"

Da farko dariya aka yi. Wata mai sayar da dankalin turawa ta ce, "To ka laluba da kyau mana, sanyin Jos ne ya shigar da shi ciki."

Shi ma Sharafaddeen ya so ya yi dariya. Tela ne, shagonsa na nan a layin baya, bai fi jifa biyu daga nan ba. Shekarun da ya yi yana taka keken ɗinki sun bar masa ciwon gwiwa, shi ya sa ya fara gudu kowace safiya daga gidansa a Tudun Wada zuwa shago. Takalman gudu masu tudun soso sun ƙara masa ciwon. Madam Nkiruka, mai sayar da takalman gwanjo a bakin layinsu, ita ta fito masa da wannan daga wata dila da ta kwance. Takalmi ne mara dunduniya, tafinsa siriri kamar faifai, kowane yatsa da gidansa, kuma launinsa ruwan ƙasa, dab da launin fatarsa. Da shi yake gudu, da shi yake wuni a kan keke, gwiwar kuwa ta lafa. Matarsa Madina na ce masa ƙafar kwaɗo. Ya saba da kallon mutane har ya daina lura.

"Ɓarawo ne," ya ce wa taron. "Ga wayata nan a ƙasa, daga aljihuna ya zaro ta."

"Ni ɓarawo?" Jika ya ce, hawaye na zubo masa na gaske, don hannun na masa zafi. "Ku dube ni ku dube shi. Wa ya zo da gudu? Ku tambaye shi daga ina ya gudo da sassafen nan."

Wani ya sunkuya zai ɗauki wayar. Bai ɗauka ba. Ya tsaya a sunkuye yana kallon ƙafafun Sharafaddeen, sannan ya ja da baya a hankali.

"Ku dubi ƙafarsa," ya ce.

Aka duba. An yi ruwa da asuba, jan taɓon hanya ya shafe ɗinkin takalmin da rubutun da ke gefensa. Abin da ya rage ga ido shi ne ƙafa mai yatsu biyar, babu farce ko ɗaya, da wani layi a idon sawu inda fata ɗaya ta ƙare wata ta fara.

"Fatar mutum ce ya sa," in ji wata murya daga baya.

Wata ta kira sunan Yesu. Wani ya yi salati.

"Takalmi ne," Sharafaddeen ya ce. "Takalmi ne kawai, ku bari in cire ku gani."

Ya saki Jika ya sunkuya. Wannan sunkuyon ne ya ba su ƙeyarsa. Faskare ya sauka a kafaɗarsa, ya kife a taɓo, kafin ya ɗago wani ya sa masa ƙafa a baki. Ya ji haƙori ya karye, ya ji gishirin jini. Ya dunƙule, ya rufe kai da hannuwa. Duka ya riƙa zuwa ta ko'ina: kan bel, sarƙar babur, gindin bokiti, dutse. Wata mata ta yi ta maka masa silifa tana kuka, tana kiran sunan wani yaro da ya ɓata a unguwarsu bara, kamar shi ya ɗauke shi.

"Ni tela ne," yake faɗi cikin taɓon. "Shagona na baya. Ku tambaya."

Babu mai ji. Waɗanda suka san shi suna layin baya suna buɗe shaguna, waɗanda ke nan kuwa matafiya ne da 'yan dako da masu talla.

Wani ƙato mai turin baro, Romanus, ya ture mutane ya shigo. Ya take ƙwaurin Sharafaddeen da ƙafa ɗaya, ya kama dunduniyar takalmin dama ya ja. Takalmin ya ƙi fita. Gumi ya manne shi da fata, yatsun sun riƙe. Romanus ya ƙara ƙarfi, abin ya saɓule a juye, ciki ya koma waje, da wata 'yar ƙara kamar ana feɗe akuya. Ƙafar da ta fito daga ciki ta yi fari ta yamutse saboda jiƙa.

Romanus ya dubi abin da ke lilo a hannunsa, ya yi jifa da shi yana goge tafinsa a wando. Taron ya dare inda ya faɗi.

"Kun gani ko?" in ji Jika. Yanzu ya miƙe, wasu mutum biyu na riƙe da shi kamar mara lafiya. "Kun gani da idonku. Ya mayar min da abina ko a ƙone shi."

"Mayar masa," Romanus ya ce, ya ɗora gwiwa a ƙirjin Sharafaddeen. "Oga, mayar masa yanzu, ka tafi gida."

"Ban ɗauki komai ba."

Romanus ya naushe shi a ido. Hasken duniya ya rabu biyu, rabi ya mutu.

Ya ji ana gungura wani abu a kan kwalta. Da idon da ya rage ya hango tsohuwar taya daga wurin mai faci tana tahowa, mutane na ba ta hanya. Aka ɗaga shi zaune, aka zura masa ita ta kai, ta sauka ta matse hannuwansa da haƙarƙarinsa. Wani ya ruga wurin 'yan bumburutu ya dawo da fetur a robar ruwa. Warin ya riga robar isowa.

Sharafaddeen ya fara kalmar shahada. Leɓensa ya kumbura, kalmomin na fita a tauye.

"Ku matsa min, ku matsa. Wane irin hauka ne wannan?"

Madam Nkiruka ce. Gajera ce mai jiki, ta haura hamsin, zani ɗaure a kan siket, tana jan wani buhu a ƙasa da hannu biyu. Mai dankalin nan ce ta ruga ta gaya mata ana kashe wani a kan takalmi mai yatsu. Ta kutsa da kafaɗa har tsakiyar fili, ta dubi fuskar da ke saman tayar, ta ɗauki lokaci kafin ta gane ta.

"Tela," ta ce. "Chineke, Ubangijina. Tela, kai ne?"

Ta juya ga taron. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace.

"Wannan mutum ni na san shi. Shi ne yana ɗinka kayan coci na yarana. Wannan abu takalmi ne, ni na sayar masa. Mutanen waje suna sa shi su yi gudu, ƙafa ya sha iska. Babu wanda yana saya, shi kaɗai ya saya. Ga sauran nan, ku duba da idonku."

Ta kama gindin buhun ta zazzage.

Ƙafafu suka zubo a kan kwalta. Baƙaƙe, ruwan ƙasa, masu launin toka, manya da ƙanana, yatsunsu a sama. Wata 'yar ƙarama, daidai ƙafar yaro, ta gangara ta tsaya a gaban matar nan mai silifa.

Matar ta kurma ihu. Taron ya watse baya, mutane na faɗawa kan juna, tiren ƙwai ya kife. Sai wurin ya yi tsit, Madam Nkiruka na tsaye da buhu a hannu, tana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya. A nan ta gane abin da ta yi.

"Ita ce mai kawo musu," in ji Jika, a hankali, amma kowa ya ji. "Da bakinta ta faɗa."

Dutsen farko ya same ta a goshi. Ta yi taga-taga, ɗankwalinta ya faɗi, jini ya sauko ta gefen hanci. Na biyu ya same ta a ƙirji. Ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya cikin takalmanta.

"A kawo wata tayar," wani ya ce.

"Maman yara, gudu," Sharafaddeen ya ce. "Tashi ki gudu."

"In gudu in je ina da wannan jiki?" ta ce, tana share jini daga ido.

Mai robar fetur ya matso, saurayi ne da rigar ƙwallo. Ya buɗe murfin, ya tsaya yana duban tela da matar, ya rasa da wa zai fara. Madam Nkiruka ta yunƙura daga durƙuson ta kama robar da hannu biyu. Suka yi kokawa, fetur na fallatsa a zaninta, ta gantsara masa cizo a yatsa, ya saki. Kafin kowa ya motsa ta juye robar kaf a kan tulin takalman, ta ja da baya.

"Wa yana da ashana?" ta ce. "Kai mai kuka, kana da ashana? Kai Romanus, na san ka, kana shan taba a bayan shagona. Kawo."

Romanus ya tsaya da baki buɗe. Ashanar na hannunsa tun ɗazu, ya fito da ita ne don ƙona tela.

"Ƙyasta ka jefa," ta ce. "Kun ce fatar mutum ne. To ƙona shi mu ji."

Ya ƙyasta ya jefa, kamar wanda aka sa a makaranta.

Wutar ta tashi da wani gurnani, zafinta ya mari fuskoki. Madam Nkiruka ta kama tayar da ke wuyan Sharafaddeen ta ja shi baya da ƙasa, nesa da harshen wutar. Yatsun takalman suka fara lanƙwashewa, suna narkewa, suna ɗiga. Baƙin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe, iska ta kwantar da shi a kan taron. Aka fara tari.

"Ku shaƙa," ta ce, muryarta na fashewa. "Ku shaƙa da kyau. Ku mutanen Jos ne. Akwai wanda bai san warin mutum ba idan yana ƙonewa? Wannan shi ne?"

Warin roba ne, roba zalla, irin na bola. Manyan da ke cikin taron sun san ɗayan warin, sun shaƙe shi a garin nan lokacin rikici, wasu a layinsu, wasu a ƙofar gidansu. Wani dattijo mai carbi ya saki dutsen da ke hannunsa. Matar mai silifa ta sa hannu ta rufe baki.

Romanus ya juya a hankali yana neman farar shadda.

"Kai," ya ce wa Jika. "Kwance wandon mu gani."

Jika ya yi murmushi, ya ɗaga hannu kamar zai yi bayani, sai ya fizge daga masu riƙe da shi ya arce ta tsakanin motoci. Jakarsa ta faɗi, wayoyi suka watse a kwalta. Romanus ya bi shi, samari suka rufa masa baya, sarƙar babur na kaɗawa a sama.

Sauran ba su tsaya ba. Hayaƙin ya riga ya haura saman gine-gine, kuma a Terminus hayaƙi ba ya buƙatar mai fassara. Daga nesa aka fara jin ƙarar ƙofofin shaguna ana ja, motoci na juyawa, mata na kiran 'ya'yansu. Kafin wutar ta ci rabi filin ya zama wayam, sai takalman mutane da suka bari wajen gudu.

Madam Nkiruka ta sa ƙafa ta dafe cinyar Sharafaddeen, ta ja tayar sama. Ya yi ƙara, haƙarƙarinsa ya motsa inda bai kamata ba. Tayar ta fita. Mai dankali ta tsayar da wani mai keken haya mai ƙafa uku da ke neman tserewa, ta riƙe masa kan keken har suka cusa tela a baya.

"Asibiti," in ji Madam Nkiruka. "Kar ka tsaya ko soja ne."

Ta zauna a gefensa, ta ɗora kansa a cinyarta, ta danna ɗankwalinta da ta tsinto a idon da ya fashe. Jinin goshinta na ɗiga a rigarsa.

"Kina jini," ya ce.

"Rufe baki. Kai kana zuba kamar famfo, kana kallon nawa."

"A kira Madina."

"Za a kira shi. Ka bari su wanke fuskarka tukuna, kar matarka ya faɗi."

Keken ya sha kwana. Daga can bayan tashar motoci ihun samarin ya canza, ya daina tafiya, ya tsaya wuri guda. Sharafaddeen ya san ma'anar wannan tsayawar, ɗazu a kansa ta tsaya.

"Sun kama shi," ya ce.

Madam Nkiruka ba ta waiwaya ba. Ta ƙara danna ɗankwalin.

"Numfasa," ta ce. "Kai dai numfasa."