Sunayen da Baba Irmiya Ke Kira

Hantsi ya yi, amma rana ba ta leƙo ba. Tun asuba ake yayyafi a Sabon Birni, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Lauwali yana tsugune a zaure yana goge filogin mashin ɗinsa na kabu-kabu, sai Luba matarsa ta leƙo da ludayi a hannu.

"Kai ba ka ji komi ba?"

"Mi za ni ji?"

"Shi na ce maka. Ba a jin komi. Baba bai kira sunaye ba yau."

Lauwali ya tsaya da tsumma a hannu, ya kasa kunne. Gaskiyarta. Katangar ƙasa ɗaya ce ta raba su da Baba Irmiya, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan kowace safiya murya tana tsallako ta, a hankali, suna bayan suna. Yau sai ɗigar indararo.

Baba Irmiya mutumin Zuru ne, Kirista, tsohon malamin asibiti. Rabin unguwar nan shi ya yi musu allura suna yara, har da Lauwali. Da matarsa ta rasu, ɗiyarsa Tabita, wadda ke aikin jinya a Jos, ta buɗe masa shafi a intanet don ya rage kaɗaici. Ya sa masa suna Raɓar Safe. Kullum yakan ɗauko aya ɗaya daga littafin addininsu, ya yi ɗan bayani da Hausa, bai wuce tafin hannu ba. Ba ya kawo manyan maganganu. Gero ne, rijiya ce, tunkiyar da ta ƙi shiga garke ce.

Shekarar farko mutum bakwai ke karantawa, uku daga ciki danginsa. Sai wata mata daga Maraɗi ta rubuto cewa ɗanta ba ya magana, a sa su a addu'a. Baba ya sayi littafin makaranta ya rubuta sunanta, ya kuma rubuta a shafin cewa duk wanda ya aiko sunansa zai kira shi gaban Ubangiji kowace safiya, muddin yana numfashi.

Lauwali bai taɓa buɗe shafin ba, amma ya fi kowa sanin girmansa, don ta kan katanga ya auna shi. Da fari, kafin ya gama alwala Baba ya gama. Can gaba sai ya tafi masallaci ya dawo ya iske ana kira. Daga baya har Luba ta dama kunu, a sha, a wanke kwano, muryar tana nan. Tabita takan bugo ta ce masu karantawa sun haura dubu ashirin, Baba ya ce, "Ni ban san yadda ake yi wa lamba addu'a ba. Wanda ya ba ni suna dai."

Shekarar da aka ɗauke sabis ɗin waya a yankin, Lauwali ne ke naɗe wayar Baba a leda, ya kama hanyar Burkusuma har gindin wata tsamiya inda layin Nijar ke kamawa, ya danna inda aka nuna masa, ya jira saƙonni su shigo. Tun lokacin Luba take kiransa ladanin Baba.

Ya ajiye filogin ya zagaya. Ƙofar a buɗe take. Baba yana kwance a gadon ƙarfe, ƙafafu sun kumbura, tabarau a hanci, littafi buɗe a ƙirji. Numfashinsa yana fita kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Baba, ina kwana? Bari in ɗauko mashin mu tahi asibiti."

"Zauna, Lauwali. Shekara talatin ina jin wanga numfashi ga mutane. Na san shi, shi ma ya san ni."

"Tabita hwa?"

"Ta kwana Sakkwato. Motoci ba su tashi sai an ji labarin hanya. Sai la'asar, in ta iso." Ya ɗan huta. "Idona ya ƙi. Ina ganin layi, ba ni ganin baƙi. Rubutun yau bai dame ni ba, ban yi wa kowa alkawarinai ba. Sunaye dai. Na ce muddin ina numfashi. To ga shi ina yi."

Lauwali ya dubi littattafan. Guda huɗu ne, bangonsu ya yi laushi don shan hannu. Ya sosa ƙeya.

"Baba, ka san ni aji huɗu na tsaya. Kuma... addu'arku ce."

"Ba addu'a za ka yi ba. Kai ka kira, ni in roƙa. Kowa da nashi aiki."

Luba, wadda ta biyo shi da kwanon kunu, ta ce daga bakin ƙofa, "Karanta mashi, ladan. Sunan mutane ne, ba wuta ba."

Lauwali ya jawo kujera 'yar tsugune, ya yi bisimilla a ransa, ya ɗora yatsa a layin farko.

"Na'omi... Garba. Maraɗi. Ɗanta ba ya magana."

"Yana yi yanzu," in ji Baba, ido a rufe. "Har ya yi yawa. Amin."

Da fari kowane suna sai Lauwali ya yi kokawa da shi. Baba yana gyara masa, wani lokaci ma yakan riga shi ƙarasawa, don ya haddace su. Sannu a hankali harshensa ya saki. Kofur Bulus, daji, Borno. Ladi mai tuwo, Kumasi. Fasto Andarawus da matarsa, Garwa, suna neman haihuwa. Wani yaro a Sabha ta Libiya, bai faɗi suna ba, na sa masa Ɗan'uwa. Wasu sunayen akwai ɗan gicciye a gefensu, alamar sun rasu, amma ba a soke su ba.

"Su ma ana kira?"

"Suna da 'ya'ya."

Lauwali ya ci gaba. Shi a saninsa ɗakin nan ɗakin tsoho ne da ke kiwon kaji uku, rufinsa yana yoyo a kusurwa ɗaya. Ashe kowace safiya duniya ce ke shigowa cikinsa tana layi: masu ciwo, fursunoni, direbobi, matan da mazansu suka tafi ba labari. Garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba suna fita daga bakinsa.

"Hajiya Basira, Gadarif, Sudan." Ya ɗaga kai. "Baba, wagga ai musulma ce."

"Ta aiko. Ban tambaye ta ba."

Sun gama littafi na biyu aka kira azahar. Baba bai sha kunun ba, Luba dai tana jiƙa masa leɓe da auduga.

"Tahi ka yi salla," in ji shi. "Ina jiran ka."

"Ka jira hwa, Baba."

"Za ni gwada."

Lauwali bai taɓa yin sauri daga masallaci irin na ranar ba. Ya iske shi yana nan, sai dai amin ɗin ta koma raɗa.

Littafi na uku na shekarun tashin hankali ne. Sunayen garuruwa suka matso gida: Isa, Turba, Gatawa. Wane, an ɗauke shi a gona. Wance, an kora musu shanu. A tsakiyar wani shafi yatsan Lauwali ya tsaya.

"Jabir," ya ce. "Ƙanen Lauwali."

Akwai ɗan gicciye a gefe. Shekara huɗu ke nan da aka harbe Jabir a hanyar Gatawa, yana ɗauke da dammunan gero a bayan mashin. Lauwali ne ya ɗauko gawar.

"Amin," in ji Baba.

Idon Lauwali ya sauka layi na gaba. Ya karanta shi a zuci, sau biyu, don ya tabbata ba karatunsa ne ya ruɗe shi ba. An rubuta: Waɗanda suka harbe shi. Ya zarce zuwa na ƙasa.

"Rahila Musa, Gusau..."

"Ka tsallake ɗaya," in ji Baba.

Luba ta dubi mijinta, ba ta san abin da ke rubuce ba.

"Shekara huɗu, Baba?" in ji Lauwali. "Shekara huɗu kana kiran su, ta kan katangata, ina ji ban sani ba?"

"Kullum."

"Mi kake roƙa masu?"

"Su aje bindiga. Su tuna uwayensu."

"Wallahi ba ni iyawa."

Ya ajiye littafin a bakin gado ya miƙe ya tsaya a ƙofa. Yayyafin ya ƙaru. Kajin Baba sun fake ƙarƙashin zogale. Gidansa taku goma ne, yana iya tafiya. Yana jin nauyin Jabir a kafaɗarsa kamar ranar, da yadda takalminsa ɗaya ya faɗi a hanya ba wanda ya koma ɗauka.

"Ban ce ka iya ba," in ji Baba daga bayansa. "Ni ma wata shida na yi ina rubutawa ina gogewa. Dubi takardar, ta kusa hujewa. Wanga nawa ne. Dakata mani kawai."

Sai tsohon ya tattara abin da ya rage masa na iska, ya kira layin da bakinsa. Kalma huɗu ce, amma sai da ya huta tsakanin kowace biyu. Da ya kai ƙarshe ya ce amin da kansa, ƙirjinsa yana hawa da sauka.

Lauwali ya daɗe a tsaye. Bai ce amin ba. Amma ya tuna akwai sauran littafi da rabi, kuma duk mutanen ciki ba su yi masa komi ba, suna can sun saki jiki cewa yau ma an kira su. Ya share fuska da hannun riga, ya koma ya zauna.

"Rahila Musa, Gusau. Za a yi mata aiki a ido."

Da suka shiga littafi na huɗu, murya ta ƙare wa Baba. Sai ya ɗora hannu a gwiwar Lauwali, duk sunan da aka kira ya danna da yatsa ɗaya. Lauwali yana kira, yatsa yana amsawa. Sunayen nan sababbi ne, tawadarsu ba ta koɗe ba, rubutun kuma ya fara karkacewa. Saura shafi shida, ya kira wani Istifanus na Yamai, ya jira. Yatsan bai motsa ba.

"Lauwali," in ji Luba a hankali.

"Na sani."

Bai ɗaga hannun daga gwiwarsa ba. Ya kira na gaba, da na gaba da shi, ba gaggawa, yana barin ɗan fili bayan kowane suna kamar yadda suka saba tun hantsi. Luba ta ja mayafi ta rufe baki. Yana kiran na ƙarshe ladanin masallaci yana ɗaga murya da kiran la'asar. Sannan ya rufe littafin, ya cire wa Baba tabarau, ya shafe masa ido.

Tabita ta iso rana ta yi ja. Washegari fasto ya zo daga Isa da mutum shida, su ne abin da ya rage na jama'arsu a kusa. Maƙwabta ne suka haƙa kabarin, ƙasar damina ba ta ba su wuya ba.

Da Tabita ta sa sanarwa a shafin, wayar Baba ta kama rawa ba tsayawa. Ta jefa ta cikin kwanon sha don ta samu ta gaisa da masu ta'aziyya, kwanon ya dinga kaɗawa a kan tabarma har matan unguwa suka yi shiru suna kallonsa. Ta ɗauka ta karanta musu kaɗan. Kofur Bulus ya ce shekara tara bai fita sintiri ba sai ya karanta. Yaron Sabha ya rubuto daga Agadas, ya ce sunansa Yohana, yana hanyar gida. Na'omi ta Maraɗi ba ta rubuta komi ba, murya ta aiko, ta wani saurayi yana cewa sannu, sannu, sannu.

"Ni kaina ban san sun kai haka ba," in ji Tabita. "Ina ganin lamba dai."

Rana ta uku batir ya mutu, ta ba Lauwali wayar ya kai wa mai caji a bakin kasuwa. Da ya karɓo da yamma, yana kunnawa saƙo ya shigo. Ya tsaya gefen hanya ya bi shi da yatsa. Daga gani mai shi ba ta ji labari ba.

"Baba, sunana Murja, daga Turba. Kwana sha biyu mijina yana hannun mutanen daji. An ce kana sa mutane a littafi."

Da ya koma gidan, Tabita tana tsakar gida cikin mata. Ya miƙa mata wayar, ya ce zai duba yoyon nan na kusurwa. Littattafan suna kan gado inda ya bar su. Ya buɗe na huɗu, ya ɗauki biron Baba, ya tsuguna. Rubutun ya ɗauke shi lokaci, harshe a waje, baƙaƙen manya-manya sun karkace ƙarƙashin na tsohon. Murja, Turba. Mijinta.

Ya kira shi sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, ya bar ɗan fili. Sannan ya mayar da littafin, ya tura kwano ƙarƙashin yoyon da ƙafa, ya fita ya kora kajin cikin akurki.